Abin da Ke Riƙe da Ɗigon Ruwa: Tarihin Gano Jan Juna Tsakanin Ƙwayoyin Molekul

Gabatarwa

Idan aka tafasa lita ɗaya ta ruwa har ta ƙone ƙurmus, tururin da ta bayar zai cika fili na kimanin lita 1,700. Ba a ƙara komai ba, ba a kuma rage komai ba. Ƙwayoyin da ke cikin tukunya su ne dai ke yawo a cikin tururin, sai dai sun warwatsu. To, mene ne ya tattara su wuri guda tun farko, ya hana su watsewa, amma bai ɗaure su tamau kamar dutse ba?

Littattafan kimiyyar sinadarai na yau suna amsa wannan tambaya a shafi biyu ko uku. Abubuwa da yawa an gina su da molekul, wato ƙaramin gungu na ƙwayoyin zarra da suka ƙullu da juna. Tsakanin molekul da maƙwabcinsa akwai wani jan juna mai rauni, kuma gwargwadon ƙarfinsa ne abu mai ruwa-ruwa yake samun matakin tafasarsa da kaurinsa da saurin ƙafewarsa. Amsar gajeriya ce, amma sai da masana suka kwashe fiye da shekara 200 kafin su kai gare ta. Abin lura a tarihin shi ne, an auna wannan ƙarfi, an kuma ci moriyarsa, shekaru da yawa kafin a san daga ina ya fito. Wanda ya yi wannan awo malamin sakandare ne a ƙasar Holan, mai suna Johannes Diderik van der Waals.

Ruwan da ke hawa bututu

Auna siffofin ruwa tsohon aiki ne. A birnin Marwa na yankin Khurasan, wajen shekarar 1121, Abdurrahman al-Khazini ya rubuta littafinsa Mizanul Hikma, inda ya jera nauyin ƙarafa da duwatsu da abubuwa masu ruwa-ruwa idan an gwada su da ruwan sha. Awon ya yi kyau ƙwarai, amma dalilin bambancin ya rage a ɓoye.

Alamar farko da ta nuna akwai wani ƙarfi a cikin ruwa ta fito ne daga abin da duk mai kunna fitila ya sani: mai yana hawa lagwani ba tare da an tura shi ba. Haka ma idan aka tsoma siririn bututun gilashi a ruwa, ruwan zai hau cikinsa ya wuce fuskar wanda ke cikin kwano. A farkon ƙarni na 18, Francis Hauksbee, mai gudanar da gwaje-gwaje a Ƙungiyar Masana ta Masarautar Ingila a Landan, ya tabbatar da abu biyu game da wannan hawa. Na farko, ruwan yana hawa ko da an zuƙe iskar da ke kewaye da shi, saboda haka ba iska ce ke tura shi ba. Na biyu, kaurin gilashin bai canza komai: bututu mai kaurin bango da mai siririn bango, in dai faɗin raminsu ɗaya ne, hawan ɗaya ne. Ma'ana, ƙwayoyin gilashin da ke taɓa ruwan su kaɗai ke jan sa. Ƙarfin yana da gajeren hannu, ba kamar ƙarfin da ke riƙe da wata a kewayen duniya ba.

Isaac Newton ya ɗauki wannan sakamako da muhimmanci. A tambayoyin da ya rufe littafinsa na nazarin haske da su, ya kawo ra'ayin cewa ƙananan ƙwayoyin halitta suna jan juna da ƙarfi mai tsanani idan sun matso kusa, wanda yake ɓacewa da zarar sun ɗan yi nisa. A 1718 James Jurin ya nuna cewa idan aka rage faɗin bututu zuwa rabi, hawan ruwa yana ninkawa biyu. Daga baya Thomas Young a Ingila, a 1805, da Pierre-Simon Laplace a Faransa, a 1806, suka ba al'amarin siffar lissafi. Sun bayyana cewa ƙwayar da ke tsakiyar ruwa ana jan ta ta kowane ɓangare daidai wa daida, amma wadda ke bisa fuska ba ta da masu jan ta daga sama, sai daga ƙasa da gefe. Shi ya sa fuskar ruwa take tsukewa kamar fatar ganga, ɗigo yake dunƙulewa, ƙananan ƙwari kuma suke tafiya a kan tafki ba su nutse ba.

Sai dai akwai giɓi a bayanin Laplace. A ganinsa ƙwayoyin suna tsaye wuri guda, zafi kuma wani abu ne marar nauyi da yake shiga tsakaninsu ya raba su. Da irin wannan fahimta ba za a iya bayyana yadda ruwa yake zama tururi ba.

Iyakar da ta ɓace

A 1822 wani injiniyan Faransa, Charles Cagniard de la Tour, ya zuba barasa a cikin bututun ƙarfe mai kauri irin na igwa, ya jefa dunƙulen ƙanƙarar dutse a ciki, ya toshe, ya ɗora a wuta. Yana mirgina bututun yana saurare. Da farko ana jin ƙarar dutsen yana faɗawa cikin ruwa-ruwan. Da zafi ya kai wani mataki, sai wannan ƙara ta ɗauke. Ya maimaita gwajin da bututun gilashi, ya ga da idonsa cewa layin da ya raba ruwa-ruwan da tururinsa ya ɓace gaba ɗaya, bututun ya cika da abu iri guda.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1823, Michael Faraday ya mai da iskar kulorin ruwa-ruwa a Landan, ya kuma yi haka da wasu iskoki ta hanyar matsi da sanyi. Amma oksijin da naitirojin da haidirojin suka ƙi. Wasu masu bincike sun matsa su da matsin da ya ninka na iskar duniya sau dubbai, ba su ga ko ɗigo ba. Sai aka laƙaba musu sunan iskoki na dindindin, aka ɗauka halittarsu daban take.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Thomas Andrews na Kwalejin Sarauniya da ke Belfast. Ya kwashe shekaru yana matsa iskar kabon dayoksaid a matakan zafi daban-daban, ya kuma gabatar da sakamakon a 1869. Ya gano cewa idan zafi bai kai kimanin digiri 31 a ma'aunin Salshiyas ba, matsi yana mai da iskar ruwa-ruwa, kuma ana ganin layin rabuwa ƙarara. Idan zafi ya haura nan, komai yawan matsi ba za a ga layin ba. Wannan mataki shi ake kira zafin iyaka. Andrews ya kuma nuna cewa ana iya ɗaukar iskar, a ɗumama ta har ta wuce zafin iyaka, a matsa ta, sannan a sanyaya ta, a wayi gari ta zama ruwa-ruwa ba tare da an ga lokacin da ta sauya ba. Ashe iskokin dindindin ba su da wata halitta ta daban. Zafin iyakarsu ne ya yi ƙasa ƙwarai, kuma ba a kai ga irin wannan sanyi ba tukuna. Andrews ya nuna abin da ke faruwa, dalilin faruwarsa kuwa ya jira wani.

Ɗan kafinta daga Leiden

An haifi van der Waals a garin Leiden ranar 23 ga Nuwamba, 1837. Mahaifinsa kafinta ne, shi ne kuma babba a cikin 'ya'ya goma. 'Ya'yan masu ƙaramin ƙarfi a lokacin ba sa zuwa makarantar da ke kai mutum jami'a, don haka da ya gama karatun firamare mai zurfi yana ɗan shekara 15, sai ya zama mai koyon aikin koyarwa. Ya yi ta cin jarrabawar malanta mataki-mataki. Daga 1862 ya fara halartar darussan lissafi da fiziks a Jami'ar Leiden a lokutan da ba ya aji, amma dokar ƙasa ta hana shi zama cikakken ɗalibi, domin bai karanta harsunan Latin da Girkanci ba. Ya koyar a sakandare a Deventer, sannan daga 1866 a birnin Hague. Sai da aka sassauta dokar aka ɗauke masa sharaɗin harsunan ya samu damar zama jarrabawar jami'a.

Abin da ya ja hankalinsa shi ne maƙalar da Rudolf Clausius na Jamus ya buga a 1857, wadda ta bayyana zafi a matsayin motsin ƙwayoyi. A wannan fahimta, iska taron ƙwayoyi ne masu gudu ba ji ba gani, kuma matsin da take yi dukan da suke kai wa bangon mazubi ne. Daga nan ake fitar da tsohuwar ƙa'idar da Robert Boyle ya gano a 1662, cewa idan aka ninka matsi, filin da iska take ci yana raguwa zuwa rabi. Amma ƙa'idar Boyle tana aiki ne kawai idan iskar ba ta cunkushe ba. Awon da Victor Regnault ya yi a Faris cikin tsanaki ya riga ya nuna cewa iskoki na gaskiya suna ɗan kauce mata. Van der Waals ya ga cewa a cikin wannan 'yar kaucewa sirrin yake. Idan iska ƙwayoyi ce masu motsi, ruwa-ruwa ma ƙwayoyin ne masu motsi, sun dai matsu da juna. Ke nan ya kamata ƙa'ida ɗaya ta ɗauke su duka.

Ranar 14 ga Yuni, 1873, yana da shekara 35, ya kare kundin digirinsa na digirgir a Leiden. Taken kundin, wanda ya rubuta da harshen Holan, yana magana ne a kan rashin yankewa tsakanin yanayin iska da yanayin ruwa-ruwa.

Gyara biyu

Ƙa'idar iska marar aibi ana rubuta ta PV = RT, inda P yake nufin matsi, V filin da iskar ta cika, T zafi a ma'aunin Kelvin, R kuma adadi ne da ba ya canzawa. Wannan ƙa'ida ta ɗauka cewa ƙwayoyin ba su da jiki, ba su kuma damu da juna ba. Van der Waals ya gyara zato biyun.

Gyara na farko: ƙwayoyi suna da jiki. Filin da ƙwaya za ta yi yawo a ciki bai kai girman mazubi ba, domin 'yan'uwanta sun tare wani sashe. Sai ya ɗebe wani adadi, b, daga V.

Gyara na biyu: ƙwayoyi suna jan juna. Ƙwayar da ta doshi bango, na bayanta suna janyo ta baya, don haka dukan da take kaiwa bai kai yadda ya kamata ba. Wannan ragi ya dogara ga yawan masu kai duka da kuma yawan masu janyo su, kuma dukansu biyu suna ƙaruwa idan fili ya ragu. Shi ya sa ya ƙara a/V² a kan P. Sakamakon shi ne:

(P + a/V²)(V − b) = RT

Kowane sinadari yana da nasa a da nasa b. Adadin a shi ne awon ƙarfin jan juna, kuma na ruwan sha ya ninka na iskar hiliyam fiye da sau 150.

Abin mamaki shi ne abin da wannan gajeren layi ya ƙunsa. Idan zafi ya yi yawa, kowane matsi yana ba da amsa ɗaya tak ga V, kamar yadda Andrews ya gani a sama da digiri 31. Idan zafi ya sauko, akwai matsin da yake ba da amsa uku: ƙaramar ita ce ruwa-ruwa, babbar ita ce tururi, ta tsakiya kuma yanayi ne da ba ya iya zama. Wurin da amsoshin uku suka haɗe suka zama ɗaya shi ne zafin iyaka. Da van der Waals ya fitar da a da b na kabon dayoksaid daga awon matsi, ya lissafa zafin iyakarta, sai adadin ya faɗo dab da wanda Andrews ya auna a Belfast.

Fassarar al'amarin mai sauƙi ce. A cikin kowane abu ana fafatawa tsakanin motsin zafi, mai son watsa ƙwayoyi, da jan juna, mai son tattara su. Ruwa-ruwa shi ne yanayin da jan juna ya isa ya riƙe ƙwayoyin kusa da kusa, amma bai isa ya hana su zamewa a kan juna ba. Sama da zafin iyaka, motsi ya riga ya rinjaya, matsi kuma ba zai iya mai da hannun agogo baya ba.

James Clerk Maxwell ya yi sharhin kundin a mujallar Nature a 1874. Ya soki wasu matakai na lissafin, amma ya yaba wa marubucin ƙwarai, har daga baya ya nuna cewa aikin ya sa wasu masu bincike sun fara waiwayar harshen Holan. A 1875 shi kansa ya ƙara ƙa'idar da ke nuna ainihin matsin da ruwa-ruwa da tururinsa suke zama tare. A 1877 aka naɗa van der Waals farfesan fiziks na farko a sabuwar Jami'ar Amsterdam.

Akwai babban al'amari a bayan wannan lissafi. A wancan zamani ba kowane masani ya yarda cewa molekul abu ne na haƙiƙa ba. Manya irin su Ernst Mach da Wilhelm Ostwald suna ganin dabara ce kawai ta sauƙaƙa lissafi. Ƙa'idar van der Waals kuwa ba ta da ma'ana sai in ƙwayoyin suna da girma na gaske da ƙarfi na gaske. Duk lokacin da hasashenta ya tabbata, hujjar masu cewa molekul gaskiya ne tana ƙara nauyi. Muhawarar ba ta kwanta ba sai bayan gwaje-gwajen Jean Perrin a Faris daga 1908, lokacin da Ostwald ya sallama. Da van der Waals ya karɓi kyautar Nobel ta fiziks a 1910, ya bayyana a jawabinsa cewa shi bai taɓa ɗaukar molekul a matsayin ƙirƙirar tunani ba.

Daga takarda zuwa ɗakin sanyi

A 1880 van der Waals ya fitar da sakamako na biyu, wanda ya fi na farko amfani ga masu gwaji. Ya nuna cewa idan aka auna zafi da matsi da filin kowace iska da ma'aunin iyakarta, wato aka ce rabin zafin iyakarta ko ninki biyu na matsin iyakarta, sai a da b su fice daga lissafin, duk iskoki su bi layi ɗaya. Ana kiran wannan ƙa'idar yanayi masu dacewa. Amfaninta shi ne, daga halin iskar da aka sani ana iya hasashen irin sanyin da wadda ba a sani ba take buƙata.

A lokacin tseren ya riga ya kankama. A watan Disamba na 1877, Louis Cailletet a Faransa da Raoul Pictet a Geneva, kowa da nasa gwajin, sun ga hazon ɗigon oksijin na ɗan lokaci. A 1883 Zygmunt Wróblewski da Karol Olszewski a Krakow suka tara oksijin mai ruwa-ruwa a bututu. A 1895 Carl von Linde a Jamus ya ƙera injin da ke mai da iskar duniya ruwa-ruwa da yawa. Injin ya dogara ne ga jan junan kansa: idan matsattsiyar iska ta fita ta ƙaramar ƙofa ta bazu, ƙwayoyinta suna kashe wani sashe na kuzarinsu wajen ƙwacewa daga juna, sai iskar ta yi sanyi. A 1898 James Dewar ya yi nasara a kan haidirojin a Landan.

Saura hiliyam, wadda jan junanta ya fi na kowace iska rauni. Heike Kamerlingh Onnes, farfesa a Leiden kuma aminin van der Waals, ya gina ɗakin gwajinsa kacokan a kan ƙa'idar yanayi masu dacewa. Ya auna yadda hiliyam take kauce wa ƙa'idar Boyle, ya ƙiyasta cewa zafin iyakarta bai wuce digiri biyar zuwa shida a ma'aunin Kelvin ba, ya kuma gane cewa idan ya fara sanyaya ta da haidirojin mai ruwa-ruwa, hanyar Linde za ta ƙarasa aikin. Ranar 10 ga Yuli, 1908, bayan aikin yini guda, ya samu hiliyam mai ruwa-ruwa da ba ta cika ƙaramin kofin shayi ba, a digiri 269 ƙasa da sifili. Ruwan ya yi garau har ba a gane ya taru ba sai da aka haska mazubin daga ƙasa. Da wannan aka rufe babin iskokin dindindin. Shekara uku bayan haka, a ɗakin gwajin nan, aka gano cewa zaiba tana daina tare wutar lantarki gaba ɗaya a irin wannan sanyi.

Asalin ƙarfin

Duk da wannan nasara, van der Waals bai san abin da ke haifar da a ba. Ya rasu a 1923, tambayar tana nan. Amsar ta zo ne kashi-kashi.

A 1912 Peter Debye, shi ma ɗan Holan, ya nuna cewa wasu molekul suna da kai biyu: gefe ɗaya yana ɗauke da ɗan cajin lantarki na tarawa (+), ɗayan na ɗebewa (−). Willem Keesom, ɗalibin van der Waals, ya lissafa yadda irin waɗannan suke juyawa su fuskanci juna da kawunan da suka saɓa, su ja juna. A 1920 Debye ya ƙara cewa molekul mai kai biyu yana iya karkatar da cajin maƙwabcinsa marar kai, ya ja shi. Amma duk wannan bai bayyana argon ko hiliyam ba, waɗanda ƙwayoyinsu mulmulallu ne, ba su da kai ko ɗaya, kuma duk da haka suna zama ruwa-ruwa.

Sai a 1930 Fritz London ya kawo amsar a Berlin, da taimakon sabuwar kimiyyar kwantam. Ƙwayoyin elektaron da ke kewaye da zarra ba sa tsayawa. A kowane ƙiftawa suna iya ɗan rinjaya gefe ɗaya, sai zarrar ta samu kai biyu na wucin gadi. Wannan yana karkatar da na maƙwabciya ta yadda za su dace, kuma duk yadda suka jujjuya, sakamakon jan juna ne. Ƙarfin yana nan a tsakanin kowane irin molekul, yana kuma ƙaruwa da yawan elektaron. Lissafin London ya nuna cewa idan nisa ya ninka biyu, kuzarin jan yana raguwa sau 64. Wannan shi ne gajeren hannun da Hauksbee ya gani a bututun gilashi. Tsakanin kundin 1873 da wannan bayani shekara 57 ne.

Ruwan sha kuwa ya buƙaci bayani na musamman. Sinadarin haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, siffarsa irin ta ruwa ce, nauyinsa kuma ya kusa ninka na ruwa, 34 a kan 18. Duk da haka yana tafasa a digiri 60 ƙasa da sifili, ruwa kuwa sai a 100. A 1920 Wendell Latimer da Worth Rodebush a Berkeley ta Amurka suka kawo ra'ayin cewa haidirojin da ke maƙale da oksijin yana iya miƙa hannu ga oksijin na molekul maƙwabci. Wannan shi ne ƙullin haidirojin, wanda Linus Pauling ya yaɗa a littafinsa na 1939. Ba don shi ba, da ruwa iska ne a zafin duniyar nan, da kuma babu kogi ko rijiya.

Abin da tarihin ya bayyana

Da waɗannan bayanai, siffofin da ake haddacewa a aji suna zama abu guda mai fuska da yawa.

Matakin tafasa yana bin ƙarfin jan juna. A dangin kulorin, yawan elektaron yana ƙaruwa daga sama zuwa ƙasa, sai ga kulorin tana tafasa a digiri 34 ƙasa da sifili, buromin a 59, ayodin a 184. Etanol da dayimetil ita suna da zarra iri ɗaya, adadi ɗaya, amma na farko yana da ƙullin haidirojin, yana tafasa a 78, na biyu ba shi da shi, yana tafasa a kimanin 24 ƙasa da sifili. Ya kamata a lura cewa tafasa ba ta karya molekul. Raba molekul na ruwa da maƙwabtansu yana cin kilojul 41 a kowane mol, alhali karya ƙullin oksijin da haidirojin na cikin molekul yana cin kimanin 460.

Ƙafewa ma haka take. Ƙwayoyin da suka fi sauri su ne ke iya ƙwacewa daga fuskar ruwa, kuma suna tafiya da kuzarinsu, su bar na baya da sanyi. Kilo ɗaya na ruwa da ya ƙafe yana ɗauke kimanin kilojul 2,400. Wannan ne aikin randa, wadda ruwa yake tsattsafowa ta jikinta ya ƙafe, shi ne kuma aikin zufa a jikin mutum. Fetur yana saurin ƙafewa fiye da kananzir domin molekul nasa sun fi gajarta, riƙonsu ya fi rauni. Kauri kuwa wahalar zamewar ƙwayoyi ne a kan juna: giliserin, mai hannu uku na ƙullin haidirojin a kowane molekul, ya fi ruwa kauri fiye da sau 1,000.

Zafin iyaka ma yana cikin gida. Tukunyar gas ta girki, idan aka girgiza ta, ana jin motsin ruwa a ciki, domin zafin iyakar butan digiri 152 ne, matsi kaɗan ya isa ya riƙe shi ruwa-ruwa ko a tsakiyar bazara. Tukunyar oksijin ta asibiti kuwa shiru take, komai yawan matsin da ke cikinta, domin zafin iyakar oksijin yana wajen digiri 118 ƙasa da sifili. Iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa, wadda galibinta metan ce, ita ma matsi kaɗai ba ya mai da ita ruwa-ruwa a zafin gari. Shi ya sa ake sanyaya ta zuwa digiri 162 ƙasa da sifili, filinta ya ragu kimanin sau 600, kafin a loda ta a jirgin ruwa daga tsibirin Bonny a Nijeriya.

Kammalawa

Ƙa'idar van der Waals ba ta dace da awo ɗari bisa ɗari ba. Tana kuskure a nauyin ruwa-ruwa, tana kuma kaucewa a dab da zafin iyaka, don haka injiniyoyin matatun mai suna amfani da gyararrun ƙa'idoji da aka gina a kanta, irin ta Redlich da Kwong ta 1949 da ta Peng da Robinson ta 1976. Dukansu sun riƙe ginshiƙai biyun nan: ƙwayoyi suna da jiki, kuma suna jan juna. Van der Waals bai jira sanin asalin ƙarfin ba kafin ya ba shi adadi, kuma adadin nan ne ya kai Onnes ga hiliyam, ya kuma ajiye wa London tambayar da zai amsa. A yau ƙarfin da Keesom da Debye da London suka bayyana, sunan malamin sakandaren nan na Hague aka haɗa su a ƙarƙashinsa.